Wata huɗu da gyaran Galileo na kyauta a kan jirgin awo

Aikina awon zurfin ruwa ne ga masu yashe a tafkin Legas. Da can sai mun kafa na'urar GPS ta biyu a gaɓa, mu sa yaro ya tsare ta, tana aiko mana gyaran lissafin wurin da jirgi yake ta rediyo, ko kuma mu biya wani kamfani da dala. Da dala ta yi tashin gwauron zabi, sai na ce bari in gwada HAS, gyaran da taurarin ɗan'adam na Galileo, na Tarayyar Turai, suke watsawa kyauta tun Janairun 2023.

GPS tsurarsa yakan kauce da 'yan mitoci. Ga mai tafiya a fili wannan ba komai ba ne, amma idan tudun rairayi na gefen hanya, mita biyu ta isa ta kafe jirgi. Abin da HAS ke yi shi ne gyara kuskuren agogon tauraro da na inda yake a falaki, na Galileo da na GPS duka. Alkawarinsu kuskure ba zai wuce santimita 20 a kwance, 40 a tsaye ba. A kwancen kam ban ga abin kushewa ba: na sha komawa kan layin da na bi jiya, in tarar sawun ya hau kan sawu.

Sai dai yana son haƙuri. Idan ka kunna, sai ka jira mintuna kafin lamba ta natsu, shi ya sa nake kunnawa tun muna shan shayi a bakin jeti. Wucewa ƙarƙashin gadar Third Mainland kuwa takan yanke sigina, a koma jira. Bayan magariba ma nakan rage yarda da shi, domin a yankinmu na kusa da tsakiyar duniya saman iska kan hargitse da faɗuwar rana, sigina ya yi ta rawa. Wannan kowane tsari yana fama da shi.

Tsayin ruwa har yanzu da ma'aunin cika da janyewar teku nake ɗauka, don santimita 40 ta yi yawa ga mai biya bisa yawan yashin da aka kwashe. Kafin ka sayi na'ura ka tabbata tana kama zangon E6, wanda a kansa ake watsa gyaran HAS, tawa ta farko ba ta kamawa, sai da na sake wata har da eriya.