Lale na Turkawa da lallenmu: suna ya yi kama, tsiro ya sha bamban

Hajiya, kin ce kin ji ana kiran wata mace Lale a fim ɗin Turkawa, ga shi kuma maigidanki yana saro kaya a unguwar Laleli ta Santambul, shi ne kike tambaya ko lallen ƙunshi ake nufi, don ki sa wa shagonki sunan. A'a, ba shi ba ne. Kunne ne kawai ya haɗa su, amma ko dangi ba su haɗa ba.

Lale fure ne, shi ne wanda Turawa ke kira tulip. Kai yake yi a cikin ƙasa kamar albasa, ya fitar da ganye biyu ko uku masu faɗi, sai kara ɗaya ya miƙe da fure ɗaya a bisa, kamar ƙaramin kofin shayi: ja, rawaya, fari ko shunayya. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya. Ba ya fure sai kan nan ya sha sanyi na makonni a binne, shi ya sa ba ki taɓa ganinsa a lambun Kano ko Maraɗi ba. Yana buɗewa tsakanin Maris da Mayu. A kalanda lokacin bazararmu ke nan, amma kada kalmar ta ruɗe ki: mu muna fama da gumi, su kuwa ƙanƙara ce ta narke, ƙasa ta fara numfashi.

Lalle kuwa kin fi ni saninsa. Itace ne mai son rana, yana kaiwa tsayin mutum har ya wuce, a bayan gida ko gefen gona. Yana da nasa furen, ƙanana farare masu ƙamshi, amma ba don su muke shuka shi ba. Ganyen muke so: a tsinko, a shanya, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa. Wadda ta taɓa kwana da hannu cikin zunguru, ko ƙafa ɗaure da leda da tsumma, ta san ja ba ya kamawa da gaggawa. Shi lale ado ne na ido, kwana kaɗan ya zube. Lalle ado ne na jiki, yana bin farce har sai ya tofo ya ture shi. Turkawa ma suna ƙunshi, suna da daren lallen amarya kafin biki kamar yadda muke sa amarya a lalle, sai dai sunansa a wurinsu kina, daga hinna ta Larabci. Kin ga ko a bakinsu kalmomin biyu ba su haɗu ba.

Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne dalilin da ya sa Turkawa suka ɗaukaka lale haka. Daga Farisanci suka aro kalmar, kuma da harufan Larabci ana rubuta ta da lam, alif, lam, ha. Ki juya harufan nan huɗu, za su ba ki sunan Allah. Ki sake juyawa, su ba ki hilal, wato jinjirin wata. Duk wanda ya yi hisabi a gaban malam zai lissafa miki: lam 30, alif 1, lam 30, ha 5, jimla 66, daidai da lissafin sunan Allah. Shi ya sa magina na Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka cika bangon masallatai da zanensa. Masallacin Rustam Pasha na Santambul, tayil ɗinsa na garin Iznik cike yake da lale iri-iri. Har wani zamani guda suka raɗa wa sunansa, Zamanin Lale, daga 1718 zuwa 1730, lokacin Sarki Ahmad na Uku, sa'ad da fadawa ke gasar lambu har tawaye ya kawo ƙarshen abin. A Iran kuma jan lale alamar shahidai ce, kuma suna sa wa 'ya'ya mata sunan kamar Turkawa. Laleli da Alhaji ke zuwa, ma'anarta "mai lale", akwai ma masallaci mai wannan suna a unguwar.

To daga ina tulip ta fito, tunda masu abin ba haka suke kiransa ba? Daga rawani. Tulbant shi ne yadin da Turkawa ke naɗawa a ka, furen kuwa in bai gama buɗewa ba kamar naɗin rawani yake. Busbek, jakadan da Sarki Ferdinand na Ostiriya ya naɗa a 1554 zuwa fadar Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya, ya rubuta a wasiƙunsa cewa Turkawa na kiran furen tulipam, sunan kuma ya bi Turai a haka. A 1593 masanin tsirrai Kulusiyus ya dasa shi a Laiden ta ƙasar Holan, mutanen can suka haukace a kansa har farashi ya rushe a Fabrairun 1637. Yau Holan ce kan gaba wajen nomansa. Wato lale sunan gida ne mai ɗauke da addini da waƙa, tulip kuma sunan da baƙo ya ba shi, ya bi kasuwa da shi.

Saura batun allon shago. In kin rubuta Lale da lam ɗaya a tsakiya, Bahaushe zai karanta lale marhabin, ya ɗauka maraba kike masa; Baturke zai zaci fure kike sayarwa. In kin rubuta Laleli, 'yan kasuwa za su shigo neman abaya da takalman Turkiyya. Ni dai shawarata ki rubuta Lalle da lam biyu a tsakiya, yadda mai neman ƙunshi za ta gane tun daga bakin titi. In furen ya burge ki, ki sa shi cikin zanen da kike wa amare: kofinsa mai baki uku yana zama daram a bayan hannu.