Injin sassaƙa haƙori ya yi, amma faifan zirkoniyan da aka haɗo da shi sai a hankali

Injin kam yana aiki. Likita ya ɗauki hoton baki da sikana, fayil ɗin STL, wato hoton siffar haƙoran, ya shigo kwamfuta, ka zana hular haƙori, wato murfin da ake ɗora wa haƙori, a manhaja, ka bar wa siminti tazarar milimita 0.05, ka tura wa inji. Babu zuba filasta, babu ƙona yatsa da kaki. Gefen hular yana fita tsaf, musamman in an gama da ƙaramin bakin sassaƙa na milimita 0.6.

Abin da ya ɓata min rai faifan zirkoniyan da dillalin ya haɗo mana ne. Ana sassaƙa zirkoniya, wato farin abin da ake yin haƙoran da shi, tun yana da taushi kamar alli, sai ya shiga tanda ya sha wuta wajen digiri 1,500 sannan ya yi tauri, kuma a gashin nan yakan tsuke da kusan kashi 20 cikin 100. Shi ya sa manhaja ke ƙara wa aikin girma kafin a sassaƙa, da lambar da masana'anta ke bugawa a jikin kowane faifai, irin su 1.24 ko 1.25. To waɗannan faifan, lambar kwali daban, ta jikin faifai daban, wasu ma rubutun ya goge. Ita kuma manhajar sassaƙar ba ta tambaya, lambar faifan baya take riƙewa ta ci gaba da aikinta.

In aka sa 1.24 a madadin 1.25, a hula guda ba za ka gane ba, bambancin bai kai milimita 0.1 ba. Amma a gada, wato jerin haƙoran da ke haɗe da juna, mai haƙora shida, mai tsawon kusan milimita 40, kuskuren ya haura milimita 0.3. Ka zaunar da ita ta dama, ta hagu ta ɗaga, ka danna hagu, dama ta tashi. Gasasshen zirkoniya kuwa ba ya lanƙwasuwa, in ka matsa masa da guga ya yi zafi, tsaga ce za ta biyo baya. Faifai ya tafi, daren tanda ya tafi, likita na kira, majiyyaci na yawo da haƙoran wucin gadi.

Da na yi wa dillalin magana sai ya ce wai wutar lantarki ce. Gaskiya ne in aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi aikin ba ya tsukewa daidai, amma tandarmu a kan janareto take har ta huce. Dillalin bai canza ko faifai ɗaya ba.

Kuma tunda ana maganar, shi ma injin, na ɗan rage masa yabo. Wanda ya zo kafawa bai ce uffan ba a kan busar da iskar kwamfuresa, alhali damshi na haɗuwa da garin zirkoniya ya daskare a maƙogwaron da ke riƙe bakin sassaƙa. Ga kuɗin sabunta lasisi da dala duk shekara.

Duk wanda ya riga ya sayi faifan nan, kada ya fara da gada. Ya zana ɗan sanda mai milimita 20, ya sassaƙa, ya gasa, ya auna da kalifa, wato ma'aunin tsawo mai baki biyu. In bai dawo 20 cif ba, ya gyara lambar a manhaja, ya rubuta ta da maka a gefen faifan.