Injiniyan duba tsohon gida a Kano: abin da kuɗinka ke saya da abin da ba ya saya

A Kano, mai neman tsohon gida a Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Fagge ko Kundila yakan tafi ne da dillali da wani magini na dangi, a zaga ɗakuna cikin minti ashirin, a ƙwanƙwasa bango, a ce gini yana da kyau. Akwai kuma injiniyoyin gini da ke karɓar aikin duba gida kafin a biya kuɗi, su ba da rahoto a rubuce. Aikin ya cancanci kuɗinsa, amma rabin matsala yake kashewa, kuma ingancinsa ya danganta da wanda ya ɗauko injiniyan da watan da aka yi duban.

Farko dai, kai za ka nemo shi, ba dillali ba. Dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa, don haka wanda ya kawo maka zai yi wuya ya ɓata masa ciniki. Ka nemi lambar rajistar injiniyan ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ku yi tsada kafin a fara, ku kuma amince cewa rahoton zai zo da hotuna da ƙiyasin kuɗin gyara. Duban gida mai ɗaki huɗu da bai kai awa biyu ba, ba duba ba ne, leƙe ne.

Inda aikin ya fi ƙarfi shi ne karanta tsaga. Idon da bai saba ba duk tsaga ɗaya yake gani. Siririya kamar gashi da ta bazu a filasta yawanci shafe ne ya bushe da sauri, buhun siminti ɗaya ya ishe ta. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda. In faɗinta ya kai milimita 5, wato bakin fensir yana shiga, to harsashin ginin ne yake zama a gefe ɗaya. Injiniya na ƙwarai zai bi ta har ƙasa ya nemo dalili: sokawe da aka haƙa dab da bango, indararo mai zuba a gindin katanga, ko bishiyar darbejiya da saiwarta ta shiga ƙarƙashi. Zai buɗe kowace ƙofa ya rufe, domin ƙofar da take cijewa a sama tana faɗin abin da sabon fenti ya ɓoye. Sabon fenti a bango ɗaya tak, sauran kuma na da, wannan kansa tambaya ce da ya kamata mai gida ya amsa.

Sai danshi. Tsofaffin gidajen bulo da yawa an ɗora su ba tare da abin tare ruwa a saman harsashi ba, sai ruwa ya riƙa hawa bango daga ƙasa, har kusan mita ɗaya. Alamarsa farin gari mai kama da kanwa, fenti yana kumbura, filasta tana ƙara kamar ganga in an ƙwanƙwasa. Masu sayarwa sun gano dabarar manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu. Tayil ba ya hana ruwa, sama kawai yake tura shi. A nan ne ake bambance masu aikin: wani yana zuwa da na'urar auna danshi da gudumar gwajin kankare, wani kuwa tocilan ɗin waya kaɗai ya riƙo. Ka tambayi kayan aikin da zai zo da su tun a waya.

Rufi dole a hau. A gidan kwano ana buɗe silin a shiga da fitila, a soka katako da sukuddireba. In ya nutse, gara ta cinye ciki ta bar ɓawo. Layin jar ƙasa da ya hau bango a bayan kabad hanyarta ce. Gidajen shekarun 1970 da 1980 da dama suna da silin na asbestos, wanda ba ya cutarwa in yana zaune lafiya, amma ƙurarsa tana lalata huhu in aka fasa ko aka yanka shi, don haka cire shi aiki ne na musamman da za a sa a lissafi. A gidan dakin kuma, wato mai rufin kankare, ana duba ƙarƙashin rufin: tabon tsatsa ko kankaren da ya ɓantare rodi ya fito yana nufin ruwa ya daɗe yana kwana a sama. Wanda ke da niyyar ɗora bene ya faɗa tun farko, domin bangon bulo mai inci 6 da harsashin da aka yi wa hawa ɗaya ba za su ɗauki wani hawan ba don kawai mai gida ya rantse. Gidan ƙasa na cikin ganuwa, mai azara da soro, shi kam tsohon magini na gargajiya ya fi yawancin injiniyoyi saninsa. A haɗa su biyun.

Wuta da ruwa nan aikin yake da rauni, don yawancinsu injiniyoyin gini ne, kunna makunni kawai suke yi su wuce. Ka ƙara da mai gyaran wuta ya buɗe akwatin fis: kaurin wayar soket ya zama murabba'in milimita 2.5, na wayar fitila 1.5, a kuma ga ko akwai wayar da aka binne a ƙasa don kare mutum daga jan wuta. Ka ɗauki lambar mita ka je ofishin KEDCO, kamfanin raba wutar lantarki, a duba ko akwai bashi a kanta. Tsohon bututun ƙarfe yana toshewa da tsatsa daga ciki. A buɗe famfo biyu a lokaci guda a ga ƙarfin ruwan. In akwai rijiya, a auna tazararta da masai, har da na maƙwabci ta bayan katanga. Mita 30 ake so, kuma filayen cikin gari kaɗan ne ke ba da haka, sai a kai ruwan a gwada.

Abin da rahoton ba zai taɓa ba shi ne takarda da unguwa, kuma nan ne aka fi yin asara. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna, takardar mallaka hayar shekara 99 ce a mafi yawan lokuta, kuma canja suna sai da amincewarsa. Gidan da aka ba takarda a 1980 ya riga ya ci shekara fiye da 40. A kai lambar fayil KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, a bincika sunan da ke kai, kuɗin ƙasa da ba a biya ba, da ko an jinginar da gidan a banki. A duba izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin 2023 ya nuna wa kowa cewa riƙe takarda a hannu ba ya wadatarwa in asalin filin na gwamnati ne ko na jama'a. Tsohon gida kuma sau da yawa gidan gado ne. Babban wa shi kaɗai ba ya sayarwa. A ga takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mata da waɗanda ke wani gari duka, mai unguwa ya shaida. Wannan aikin lauya ne, kuɗinsa daban.

Unguwa kuwa ƙafarka ce za ta duba ta. Ka tsaya a bakin ƙofa ka kwatanta tsayin daɓen zaure da na titi. Duk lokacin da aka sake hanya ana ƙara mata tudu, tsofaffin gidaje suna komawa rami. Ɗan dakalin siminti da aka gina a bakin ƙofa don tare ruwa shaida ce cewa ruwa yana shiga. Ka dubi katangun maƙwabta ko akwai layin da ambaliya ta bari, musamman a unguwannin da ke kusa da rafin Jakara ko wani tsohon kududdufi da aka cike da shara aka yi gini a kai. Ka ɗaga kai ka ga wayar wuta: babban layi mai kilobolt 132 yana buƙatar mita 15 kowane gefe. Mai shayi da mai wankin hula na layin za su gaya maka awa nawa ake samun wuta, sau nawa taransifoma ta lalace, da nawa ake sayen jarkar ruwa a watan Afrilu, abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka dawo da dare, ka dawo ranar Juma'a, ka ga ko mota tana iya shiga lungun.

In akwai halin jira, a sa ranar duban a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Gidan da aka duba da hunturu, bango a bushe, kwata babu ruwa, injiniya komai ƙwarewarsa hasashe zai yi a kan yoyo da danshi. In kuwa ciniki ba zai jira damina ba, a sa tiyo a kan rufi na rabin awa, mutum ɗaya yana cikin silin da fitila.