Jirgi mai saukar ungulu na haɗa-da-kanka: abin da na gani a awa 31

Shekara biyu ke nan da na sayi jirgin nan a hannun wani dattijo a bayan garin Houston na Amurka, rabinsa a haɗe, rabinsa a kwalaye. Kujera biyu ne. Ni bakanike ne, kuma tun 2007 da na ji labarin Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ƙera helikwafta da injin Honda Civic, abin yake raina.

Gaskiya ƙarafunan suna da kyau, waldar ma ba ta da makusa. Littafin haɗawar ne ya ba ni haushi. Inda ya kamata a faɗi iya ƙarfin ɗaure noti, sai ka tarar da hoto dishi-dishi da layi ɗaya. Na kira kamfanin sau uku kan abu guda, mutum biyu suka ba ni amsa biyu.

A Amurka, hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama tana barin mutum ya tashi da irin wannan jirgi idan masu sha'awa ne, ba kamfani ba, suka yi fiye da rabin aikin haɗa shi. Za a rubuta EXPERIMENTAL, wato na gwaji, a jikinsa, a keɓe maka wurin gwaji na awa 40 ba fasinja. Ma'ana, duk notin da ya kwance, kai ne mai shi.

A awa ta 31 ina shawagi kamar ƙafa uku daga ƙasa sai na ji fedar ƙafa tana ɗan karkarwa, ga warin roba. Na sauke shi nan take. Da na kai hannu kusa da boris ɗin da ke juya farfelar wutsiya, ba ya taɓuwa don zafi, gefen bel ɗin ya yi gari baƙi ƙirin. Na kwance, na tarar giris ya bushe ƙayau. Ashe dattijon ya ɗaura shi shekaru da suka wuce, ni kuma na ga fenti a kan noti na ɗauka an gama. Da farfelar nan ta tsaya ina sama, jirgin zai kama juyi kamar katantanwa.

Wani tsohon matuƙi a filin ya leƙa, ya girgiza kai, ya tuna mini da Mini-500, wani helikwafta mai kujera ɗaya da ake haɗawa a gida a shekarun 1990. Injinsa Rotax 582 ne, irin mai cin fetur da baƙin mai tare, kuma masu ƙera injin da kansu sun yi gargaɗin yana iya mutuwa ba sallama. An yi asarar rayuka, kamfanin jirgin ya rufe a 1999.

Nawa dai ba zan ce kada a saya ba, amma wanda wani ya fara haɗawa, a'a. Yanzu na wargaza duk abin da dattijon ya taɓa, ina jiran sabon boris. Maman Aisha kuwa ta ce ko an gama, ita da mota.