Cascais, Lagos, Albufeira ko Tavira: Wane Garin Bakin Teku Za Ka Zaɓa a Fotugal?

Wanda ya sha ɗawainiyar neman bizar Shengen, ya biya yuro 90, ya sayi inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin yuro 30,000, ya yi makonni yana jiran fasfonsa, bai kamata ya zaɓi masauki don wani hoto ya burge shi a Instagram ba. A hoto duk garuruwan bakin tekun Fotugal kamarsu ɗaya: fararen gidaje, jan rufi, shuɗin ruwa. Sai ka sauka ka tarar kowanne da irin mutanensa da irin tsadarsa. Guda huɗu ne aka fi ambata, kuma su zan auna.

Kafin komai, ka sani cewa wannan Tekun Atilantika ne, ruwansa da sanyi ko a tsakiyar zafi. A kusa da Lisbon yakan tsaya wajen digiri 18 a watan Agusta, wanda kuwa ya saba da wankan rijiya a watan Afrilu zai ji kamar an watsa masa ƙanƙara. A kudu, yankin Algarve, ya fi ɗumi, kuma yana ƙara ɗumi idan ka nausa gabas wajen iyakar Sifaniya. Wannan kaɗai ya isa ya sauya wa mai yara shawara.

Cascais, wanda masu garin ke furtawa kamar "Kashkaish", yana da nisan kilomita 30 yamma da Lisbon. Daga tashar Cais do Sodré jirgin ƙasa zai kai ka cikin minti 40, yana bin gaɓar ruwa kusan duk tafiyar. Ƙauyen masunta ne har zuwa 1870, lokacin da Sarki Luís na Ɗaya ya mayar da tsohon sansanin sojan garin wurin hutunsa na lokacin zafi, manyan ƙasa kuma suka biyo shi suka giggina gidaje. Har yau da ƙanshin masu hali a garin, kuma kuɗin otal ɗinsa ya nuna haka. Rairayin da ke cikin gari, irin su Praia da Rainha da Praia da Conceição, ƙanana ne, ranar Lahadi ba masaka tsinke saboda mutanen Lisbon. Guincho, can gaba kaɗan, faɗi gare shi, amma iska da igiyar ruwansa na masu wasan hawan igiya ne, ba wurin sakin yaro ba ne.

Abin da Cascais ya fi saura da shi ba rairayi ba ne, maƙwabta ne. Cikin wuni ɗaya za ka hau Sintra ka ga ganuwar da Musulmin Andalus suka gina a kan dutse tun wajen ƙarni na 8 zuwa na 9, ka biya ta Cabo da Roca, ƙarshen ƙasar nahiyar Turai ta yamma, ka dawo ka kwana. Ranar Juma'a kuma ka shiga Lisbon ka yi salla a Babban Masallaci da ke kusa da Praça de Espanha, ka wuce unguwar Martim Moniz inda 'yan Bangaladash da Pakistan ke da gidajen abinci na yankan Musulmi. Wanda ya taho da iyaye ko maiɗaki, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

Sai Lagos. E, haka ake rubuta shi, harafi da harafi kamar Ikko, sai dai su suna cewa "Lagush". 'Yan Fotugal ne suka raɗa wa Legas ɗinmu wannan suna. Kalmar na nufin tafkuna a harshensu, wasu kuma na ganin sunan wannan garin aka ɗauko. Ka kula wajen sayen tikiti ta intanet, don garin ba shi da filin jirgin fasinja. Filin jirgin Faro, babban birnin Algarve, ake sauka, mai nisan kusan kilomita 90, ko a taho daga Lisbon a jirgin ƙasa, a sauya a tashar Tunes, tafiyar wajen awa huɗu.

A ganina, idan kyan bakin teku ake nema, Lagos ya yi wa sauran fintinkau. A Ponta da Piedade ruwa ya sassaƙe duwatsu masu launin zuma ya bar ƙofofi da koguna, ana shiga cikinsu da ƙananan kwale-kwale. Praia do Camilo sai an sauka matakalar katako kusan 200, saboda haka mai ciwon gwiwa ya haƙura ya nufi Meia Praia, shimfiɗaɗɗen rairayi mai tsawon kusan kilomita huɗu, inda ko a Agusta za ka sami wurin da babu kowa kusa da kai. Matan da ba sa son cunkoson tsiraici sun fi sakewa a can.

Amma dalilin da ya sa na fi daɗewa a kan Lagos tarihi ne, kuma tarihin ya shafe mu. Daga nan jiragen ruwan Yarima Henrique na Fotugal suka riƙa tashi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Gil Eanes, ɗan garin, shi ne Bature na farko da aka san ya ƙetare Ras Bojador, wani tsinin ƙasa a gaɓar Sahara ta Yamma, a 1434. Shekara goma bayan haka, a 1444, aka sauke mutum 235 da aka kamo daga gaɓar Muritaniya ta yau, aka rarraba su a fili a wannan gari, aka raba uwa da ɗa. Ana lissafa wannan a matsayin farkon babbar kasuwar bayin Afirka a Turai ta wancan zamani. A dandalin garin akwai ƙaramin gidan tarihi da ake kira Mercado de Escravos, wato kasuwar bayi. A 2009 kuma, ana haƙar wurin ajiye motoci a bayan ganuwa, aka tono ƙasusuwan 'yan Afirka 158 da aka jefar a juji. Gidan tarihin bai fi a zaga shi cikin rabin awa ba, amma ba ka fitowa yadda ka shiga. Girgizar ƙasar 1755 ta rushe yawancin tsohon garin, shi ya sa gine-ginen da za ka gani galibi na bayanta ne.

Daga Lagos ɗin kuma Silves ba nisa. Larabawa na kiransa Shilb, shi ne babban birnin yankin a zamanin Musulmi, kuma al-Mu'tamid, mawaƙin sarkin Ishbiliya (Seville ta Sifaniya a yau), ya yi gwamna a nan yana saurayi. Ganuwarsa ta jan dutse tana nan tsaye. Shi kansa sunan Algarve daga al-Gharb ya fito, wato yamma, yankin kuma bai gama komawa hannun sarakunan Fotugal ba sai a 1249.

Albufeira ma sunan Larabci ne, al-Buhaira, ɗan ƙaramin teku. Shi ya fi kowa yawan otal, don haka a nan aka fi samun rangwame, ga shi kuma wajen kilomita 40 kacal daga filin jirgin Faro. Praia da Falésia, mai jajayen gaɓoɓi da tsawon kusan kilomita shida, ba ta da makusa. Matsalar dare ce. Titin da ake kira Strip jerin mashayu ne da gidajen rawa, matasan Ingila na kwana suna ihu har asuba. Mai iyali da ya ga ɗaki mai araha a unguwar Oura ya duba taswira kafin ya biya. Idan dole sai Albufeira, a nemi ɓangaren Olhos de Água. Tashar jirgin ƙasansa ma tana wajen gari, sai an ƙara da mota.

Tavira kuwa garin mai son shiru ne. Yana gabas da Faro, kogin Gilão ya raba shi biyu, da wata tsohuwar gada da ake ce wa ta Rumawa ko da yake ba su suka gina ta ba. Rairayinsa a tsibiri yake, galibi da jirgin fito ake zuwa, kuma ruwan nan ne ya fi ɗumi. Akwai ƙaramin gidan tarihin Musulunci mai ɗauke da wani tulun yumɓu na ƙarni na 11 da aka yi wa siffofin mahaya da dabbobi a baki. A Praia do Barril an jera tsofaffin ankoki a cikin yashi, ragowar sana'ar kamun kifin tuna da ta mutu. Dattijo zai ji daɗinsa. Matashi zai gaji a kwana na uku.

To, ga yadda zan yanke. Tafiyar farko, kwana huɗu ko biyar, da iyali: Cascais, saboda ba sai ka ƙara wata doguwar tafiya bayan ka sauka Lisbon ba, ga masallaci ga abinci. Mako guda ko fiye: Lagos, tare da wuni ɗaya a Silves. Tavira ga wanda hutu kawai ya kawo shi. Albufeira sai aljihu ya tilasta.

Lokaci ma yana cikin farashi. Yuli da Agusta su ne tsada da cunkoso. Mayu, Yuni da Satumba sun fi sauƙi, kuma a Satumba ruwan ya riga ya ɗumama. A Yuni Magariba kan kai ƙarfe tara na dare, ko da yake agogonsu a lokacin daidai yake da na Najeriya da Nijar.

Wajen ci, gasasshen kifin sadin da busasshen kifin da suke kira bacalhau za su rufa maka asiri. Ka haddace kalmar "porco", alade ke nan, da "chouriço", namansa da ake cusawa a hanji, don suna sa shi har a miyar ganye ta caldo verde da wasu tukwanen cataplana da ka ɗauka kifi ne zalla. Ka tambaya ko an zuba giya a girkin. Burodi da zaitun da cuku da ake ajiye maka kafin ka yi oda ba kyauta ba ne. In ka taɓa, za ka gan su a lissafi.

A bakin ruwa kuma ka duba tuta: kore a shiga, rawaya a tsaya iya gwiwa ban da iyo, ja kada a kusanta. Kada neman inuwa ya sa ka shimfiɗa tabarma a gindin waɗannan kyawawan gaɓoɓin dutse, don suna zaftarewa. A Agustan 2009 wani ɓangare ya rufto a Praia Maria Luísa ta Albufeira ya kashe mutum biyar. Gara ka biya kuɗin hayar laima.