Tsallaken aji a makarantun kuɗi: abin da ake sayar wa iyaye

Ranar karɓar sakamakon zango na uku, mai makaranta kan ja uban yaro gefe ya yi masa albishir: "Alhaji, ɗanka ya fi ƙarfin ajinsa, bana za mu tsallake da shi." Galibi daga aji biyar na firamare ne zuwa aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wani lokacin ma daga aji huɗu. Wasu makarantun kuɗin ba su da aji shida kwata-kwata, alhali tsarin ƙasa shekara shida ya yanka wa firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babba.

Abin da uba zai biya sananne ne: kuɗin fom, lesin bayan tashi na zango ɗaya, tsofaffin takardun jarrabawar shiga sakandare, sabon yunifom da littattafai. Shi yana lissafin ya huta da kuɗin shekara guda. Makaranta kuwa ta huta da ɗaki ɗaya da albashin malami ɗaya, ta kuma riƙe yaron a sashenta na sakandare kafin wata makarantar ta ɗauke shi. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata uba ya san cewa mai ba shi shawarar yana da riba a ciki.

Akwai yaran da tsallaken ke yi wa amfani. Yaron da ke gama aikin aji cikin minti goma ya koma tsokanar na kusa da shi, zama a ajin ɓata masa lokaci ne. Wanda ya fi cin moriya ma shi ne wanda ya shiga boko a makare, misali ɗan shekara goma da ya fito daga makarantar allo: ya saba da hadda da zama wuri ɗaya, tsallaken kuma yana kai shi kusa da sa'o'insa. Don irin waɗannan ne hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta tsara manhajar gaggawa ta ABEP. Matsalar tana wajen ƙananan da ake turawa cikin manya.

Rauni na farko shi ne gwajin. Zuwa na ɗaya a ajin yara ashirin ba ma'auni ba ne, domin malamin da ya ba da darasin shi ya tsara tambayoyin daga abin da ya rubuta a allo. Lesin ɗin kuma horo ne kan zaɓi amsa cikin huɗu, yaro mai hadda zai ci ba tare da ya gane ba. Gwajin kirki shi ne a ba shi jarrabawar ƙarshen aji shida, wadda wani malami daban ya tsara. A miƙa masa shafin Turanci da bai taɓa gani ba ya karanta a fili, sannan ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. A sa shi ya cika shafi guda da rubutun kansa. A ra'ayinmu, wanda bai kai 80 cikin 100 ba a ajin da za a tsallake masa, bai shirya ba.

Na biyu shi ne ramin da ake bari a lissafi. A ajin ƙarshe na firamare ne hannun yaro ke faɗawa a doguwar rabawa, kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, da haɗa rabi da sulusi da rubu'i. Ramin ba ya bayyana nan take, shi ya sa iyaye ke murna da sakamakon farko. Sai an shiga aljabara sosai a aji biyu na ƙaramar sakandare, inda haruffa ke tsayawa a madadin lambobi, sannan maki ya fara zubewa, a ce yaro ya lalace da wasa. Ga kuma sauyin tsari: daga malami ɗaya da ya san halinsa zuwa malamai kusan goma, kowa da minti arba'in ɗinsa. Leƙa littafin ɗan shekara tara a irin wannan aji, za ka ga kowane darasi ya tsaya a rabi, an goge allo kafin ya gama kwafa. Ƙafarsa ma ba ta taɓa ƙasa daga benci. In makarantar kwana ce, a ƙara da wanki, ɗiban ruwa da aiken siniyoyi.

Abin da masu makaranta ba sa ambata shi ne ƙarshen hanya. Yaron da ya shiga firamare yana ɗan huɗu, aka tsallake masa aji shida, zai shiga sakandare yana tara, ya fita yana goma sha biyar. JAMB kuwa, hukumar jarrabawar shiga jami'a, shekara 16 take nema. A 2024 ministan ilimi Tahir Mamman ya yi maganar mayar da ita 18, magajinsa Tunji Alausa ya dawo da 16. A 2025 an buɗe ƙofa ga haziƙan da ba su kai ba, amma sai mai maki 320 cikin 400, bayan wasu tantancewar. Tsohuwar dabarar rantsuwar shekaru a kotu ma ta yi wuya, tunda tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, ranar haihuwa kuma tana jikinta. Shekarar da aka ce an ci riba, a gida yaro zai zauna ya biya ta.

Hukuncinmu: kada a karɓi tayin sai makaranta ta yarda a rubuce da gwajin mako shida, da damar mayar da yaro ajinsa ba tare da sabon caji ba, da malamin da zai cike masa darussan da ya tsallake. In a fanni ɗaya kawai ya yi fice, misali lissafi, a bar shi cikin sa'o'insa, ya riƙa shiga aji na gaba lokacin lissafi kaɗai. Wannan yana buƙatar a daidaita jadawalin azuzuwan biyu, kuma babu kuɗin fom a cikinsa, don haka sai uba ya nema da bakinsa.