Kafin ka sayi injin kwale-kwale mai batir, duba waɗannan

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masunta da yawa a dam ɗin Dadin Kowa na jihar Gombe suka jingine injin Yamaha suka koma filafili, kawuna ma yana ciki, mutum ya haura sittin yana tuƙi da hannu tun asuba. Shi ya sa bara muka haɗa kuɗi muka sayo masa ƙaramin injin nan mai aiki da batir, kuma tun daga lokacin ake ta tambayata wanne ya kamata a saya. Toh ga abin da na gani da idona.

Da farko ka cire rai da gudu. Wannan inji an yi shi ne don tafiya a hankali ba ƙara, abin da zai ba ka bai wuce kilomita 5 zuwa 7 a awa ba, amma zai kai ka wajen kalli ko mamari ka duba ka dawo ba tare da ka kori karfasa ba. In lodin mutane kake yi zuwa ƙetare ranar kasuwa, gaskiya ka tsaya kan injin fetur ɗinka.

Ƙarfin turawarsa da fam (lb) ake auna shi, za ka ga an rubuta 30, 40 ko 55 a jiki, duk waɗannan batir ɗaya na 12V suke ci. Mai 70 ko 80 kuma sai 24V, batir biyu kenan, kuɗi biyu nauyi biyu, mai ƙaramin jirgi ba ruwansa da su. Lissafin da ake yi shi ne fam 2 ga kowane kilo 45 na nauyi, jirgi da mutane da koma da batir da kifin duka. Idan komai ya kai kilo 500 kaga fam 22 kake nema, mai 30 ya isa a takarda. Amma jirgin katako da ya sha ruwa nauyi gare shi, ga iskar da ke tasowa da yamma a dam ɗin nan tana bugun gefen jirgi, ni dai 40 ko 55 zan ce.

Minn Kota na Amurka ne, yana da ƙarko amma da tsada, Haswing na China ya fi sauƙi. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne ka tambayi mai kaya ko yana da farfela ta canji, don ranar da ta daki kututture a ƙarƙashin ruwa aiki ya tsaya kenan. Sannan akwai mai giya 5 gaba 3 baya, akwai wanda ake murɗawa a hankali kamar totur ɗin mashin, na biyun ya fi tsada amma ya fi tattalin batir sosai in kana tafiya sannu. Wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi za ka nema, tsawon sandar inci 30 ko 36, farfela ta nutse kamar ƙafa ɗaya. Kwale-kwalenmu bakinsa tsini ne ba wurin maƙalawa, sai da kafinta ya gicciya mana katako mai kauri a baya muka ɗaure injin a gefe.

Yanzu ga inda muka sha wuya, batir. Mu da farko batirin mota muka saka, wani mai shago ya ce ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Na mota an yi shi ne ya ba da wuta da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan a tada inji, in ana zuƙe shi kullum mutuwa yake. Sati na uku Kawu yana tsakiyar ruwa farfela ta fara juyi kamar mai jin barci ta tsaya, da filafili ya dawo bayan magariba, gwaggo tana tsaye bakin ruwa da tocila hankalinta ya gama tashi. Da ya fito abin da ya ce min kawai, “Ɗana, wannan abin naku ba ya son nisa.” Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Zaɓi biyu ne na gaske. Akwai batirin sola busasshe mai 100Ah, nauyinsa wajen kilo 30, kuma rabinsa kawai ya kamata ka ci in kana so ya daɗe. Inji mai fam 55 yana jan kusan amp 50 in ka ƙure shi, kaga awa ɗaya kenan, in ka lallaɓa a amp 15 ka samu awa uku da ɗan abu. Sai litiyom irin LiFePO4, shi ma 100Ah amma kilo 12 ko 13 ne, yaro ma zai ɗauka zuwa gida caji, kana iya cin kusan duka, kuma yana yin caji dubbai kafin ya gaji. Kuɗinsa na farko ne ke da zafi. Ni da zan sake, gara in sayi inji mai 40 na China in zuba ragowar kuɗin a litiyom. Batirin tubula mai ruwa kuwa kar ma ka fara, mai 200Ah ya kai kilo 60, ga asid da zai zube in jirgi ya karkata.

Caji kuma kun san halin wutarmu. Farantin sola mai wat 200 da kwantirola yana cika busasshen batirin nan da aka ci rabi a rana ɗaya in akwai rana, lokacin hazo sai kana goge ƙura kullum. Litiyom yana son caja tasa ko kwantirola da aka saita masa. Waya ka sa mai kauri gajera, siririya zafi take har ta narke, ka sa bireka mai amp 60 kusa da batir in mai 55 ne, batirin kuma cikin akwatin roba sama da ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. In zaren koma ya naɗe farfela, cire waya tukuna kafin ka sa hannu.

Kawu yanzu litiyom yake amfani da shi, ƙanina ke kai masa bakin ruwa a mashin da asuba, filafilin kuma tana nan cikin jirgi, na ce masa ko da wasa kar ya fita ba ita.